KAMUN KIFI A TABKUNANMU: MU CI AMFANIN RUWA, KADA RUWA YA CI MU



In damina ta yi kyau, ruwa yana kwantawa a kwari da fadamu. Wani tabki yakan ƙafe tun kaka. Wani ya kai tsakiyar ɗari. Wani kuma ya riƙe ruwa har bazara. Mun saba shayar da bisashe a wurin. Mun saba buga tubali da ban ruwan albasa. Amma akwai wani amfani da yawancinmu ba mu kula da shi ba, shi ne kifi.

Mu nan ba masunta ba ne tun asali. Noma muka gada da kiwo. Su sana'ar Sarkawa ce, mutanen ƙasar Kabi da Yawuri a Najeriya. Su ne suka san ruwa tun suna yara. Shi ya sa in namu ya shiga wannan sana'a, abu biyu yake buƙata. Ya san kifi, ya kuma san halin ruwa.

INA RUWAN YAKE?

Jihar Tawa ba ta da kogi mai gudu shekara duka. Majiya da Tarka da damina kaɗai suke kawo ruwa. Tarka ta ratsa ƙasar Madawa ta gangara Najeriya. Majiya ta bi ta ƙasar Ƙwanni, ta je ta zuba a tabkin Kalmalo, kusa da Illela ta Najeriya.

Amma muna da manyan tabkuna. Wanda ya fi suna shi ne na Tabalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, wajen kilomita 50 daga Tawa. Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga mata masu tuyar kifi a bakin titi. Akwai kuma na Ɗan Dutsi, a yammacin jihar. Da can ƙaramin tabki ne mai ƙafewa, gonaki kewaye da shi. Ruwan sama mai yawa na shekara ta 1974 ne ya cika kwarin, tabkin ya girma. Aka zuba masa kifi, mutanen wurin suka koyi su. A shekara ta 2005 aka sa tabkunan nan biyu cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar Ramsar.

Ban da su akwai madatsun ruwa, waɗanda muke kira baraji. Akwai na Ibohaman a ƙasar Keita, akwai Mozage da Zango a kan Majiya. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, shi ma ya gina ƙananan madatsai da yawa.

Abu biyu ke cin waɗannan ruwaye. Na farko rana da iska. A ƙasa irin tamu, ruwan da ke kwance a fili yakan ragu da fiye da mita 2 a shekara, ko ba a ɗebi ko guga ɗaya ba. Na biyu yashi da laka. Duk ƙoramar da ta sauko daga dutse tana ɗauke da ƙasar gonaki, ta zube ta a cikin tabki. Kowace shekara zurfi na raguwa. Saboda haka mai jera duwatsu a gonarsa ta tudu, da mai dasa itace a bakin ƙorama, aikin kifi suke yi ko ba su sani ba.

WANE KIFI KE ZAMA A RUWANMU?

Wasu samari suna ganin hotunan Turawa a waya, suna riƙe da sandar fatsa a bakin tabki. Kifin da suka fi nema iri biyu ne, turut da bas. An tambaye mu ko za a iya kawo su nan. Turut kifin ruwan sanyi ne, na ƙasashen duwatsu da ƙanƙara. In zafin ruwa ya wuce digiri 20 sai ya soma wahala. Ruwanmu kuwa da bazara ya kan haura 30. Ba zai rayu ba. Bas kifin Amurka ne, mai faɗin baki, abincinsa ƙananan kifaye. Can da yawa don nishaɗi suke kama shi, su ɗauki hoto, su mai da shi ruwa. Mu ba mu kai nan ba tukuna, miya muke nema. Kuma muna da wanda ya fi bas girma nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da karfasa. Ita ce kifin talaka. Tana son ruwa mai ɗumi. Tana cin gansakuka da ƴan ƙananan tsirrai masu sa ruwa ya yi kore. Kashin shanun da ke zuwa shan ruwa taki ne ga waɗannan tsirrai. Haihuwarta abin mamaki ce. Namiji ne ke haƙa ɗan rami a gindin ruwa, wurin da ba zurfi. Mace ta zuba ƙwai a ciki, sa'an nan ta kwashe su a bakinta. Tana riƙe da su wajen sati biyu, ba ta cin komi, har su ƙyanƙyashe su yi ƙarfi. In ka kama karfasa ka ga ƙwai ko ƴaƴa cike da bakinta, ɗaruruwan kifi ne a hannunka. Ka sake ta.

Karfasa tana da aibi ɗaya. Tana soma haihuwa tun tana wata biyar ko shida, kuma ba ta hutawa. In ita kaɗai ce a tabki, sai ta yi yawa, abinci ya kasa. Sai a wayi gari tabki cike da kifi, amma ba wadda ta kai tafin hannu.

Tarwaɗa ita ce mai haƙuri. Tana da wani abu a cikin kanta da take shaƙar iskar waje da shi. Don haka ko ruwa ya koma taɓo tana nan da ranta. Da dare, in ƙasa na da laima, takan ja ciki daga wannan kududdufi zuwa wancan. Tana cin kusan komi, har ƴaƴan karfasa. Ita ce ta fi dacewa da tabkin da ke ƙafewa. Lokacin haihuwarta farkon damina ne, sa'ad da sabon ruwa ya malale cikin ciyawa.

Gaiwa kuwa ta fi kowa dabara. In tabki zai ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da majina, ta bar ƴar kafar numfashi. Haka za ta kwanta watanni har ruwa ya dawo. Masu haƙar ƙasar tubali sukan tono ta da rani. Wannan shi ne amsar masu cewa kifi daga sama yake faɗowa tare da ruwa. Ba daga sama ba ne. Ko yana cikin laka, ko ambaliya ce ta kawo shi daga wani tabki. A kula da bakin gaiwa, cizonta ba daɗi.

Sai giwan ruwa, wanda ake kira kafiten da Faransanci. A manyan koguna yakan kai tsawon mutum, nauyinsa ya wuce kilo 100. Namansa ya fi tsada. Yana son ruwa mai zurfi, mai iska, wanda ba ya ƙafewa. Kifi ne babban abincinsa. Kaɗan daga cikinsa a babban tabki yana da amfani, don yana rage yawan ƴaƴan karfasa, sauran su samu girma. Amma ba a zuba shi da ka. An kai shi tabkin Biktoriya, a gabashin Afirka, cikin shekarun 1950. Kafin ƙarshen shekarun 1980 ya yi yawa ƙwarai, ƙananan kifaye wajen iri 200 suka ɓace. Tabkin nan kuwa girmansa kamar teku ne. To ina ga namu?

ZUBA KIFI A TABKI

In jama'ar gari suna son a zuba kifi a tabkinsu, su fara zama da maigari. Tabki ba na mutum ɗaya ba ne. Makiyayi na da hakki, mai garka na da hakki, mata masu ɗibar ruwa na da nasu. In ba a shirya tun farko ba, ranar kamu faɗa za a yi. Bayan an daidaita, a kafa ƙungiya, a rubuta sunaye. Ga amfanin karatun da kuke yi a yaƙi da jahilci. Sa'an nan a je wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji a Madawa, ko Buza, ko Keita. Su za su duba zurfin tabki da watannin da yake riƙe ruwa, su faɗi irin kifin da ya dace.

Ana zuba ƴaƴan kifi ne a ƙarshen damina, bayan ƙoramu sun daina gudu. In an zuba da wuri, ambaliya ta kwashe su. Ana ɗauko su cikin tano ko manyan jarkoki, da sassafe ko da dare, don zafi na kashe su a hanya. In an iso, kada a juye su gaba ɗaya. A riƙa ƙara ruwan tabkin cikin mazubin kaɗan kaɗan, har ɗumin ruwan biyu ya zo ɗaya. Daga nan a karkata mazubin su fita da kansu.

Sai a rufe tabki. Ba mai jefa komi har wata biyar ko shida. Wannan shi ne wuri mai wuya, don yara ba su da haƙuri, wasu manyan ma haka. A Argungu ta jihar Kabi, inda ake bikin su tun 1934, wurin da ake kira Matan Fada a rufe yake sai lokacin biki. Shi ya sa ake fito da manyan kifaye daga cikinsa.

KAYAN SU, DA ABIN DA AKA HANA

Fatsa ita ce mafi sauƙi: sanda, zare, ƙugiya, da tana ko fara. Mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa, a shimfiɗa da yamma a duba da safe. Tana kama tarwaɗa sosai. Kalli raga ce da ake kafawa a cikin ruwa, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Birgi jefa shi ake yi, ya buɗe kamar laima ya rufe kifi. Akwai koma, akwai gura da ake sa wa dusa a ciki. Kifi ya fi cin ƙugiya da sanyin safiya da kuma gab da magariba. Da tsakar rana yakan koma wuri mai zurfi ko gindin ciyawa.

Abin dubawa a raga shi ne idonta. In idon ya yi ƙanƙanta, har ƴaƴa take kwashewa. Ragar da yatsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta dace da tabkin da ake so ya daɗe ba. Ku tambayi ma'aikacin gandun daji awon da hukuma ta yarda da shi.

Yanzu ga wani abin takaici. Gidan sauro da ake rabawa a likita, don kare mata masu ciki da yara, wasu sun mai da shi taru. Asara biyu ke nan. An kwashe ƴaƴan kifi har da ƙwai, ga yaro can gida sauro na cizonsa.

Dokar su ta ƙasar Nijar ta shekara ta 1998 ta hana kama kifi da guba ko da nakiya. A 2021 an yi sabuwar doka wadda ta haɗa har da kiwon kifi. Mai yin su don sayarwa sai da takardar izini. Guba kuwa, ko magimfa ce ko maganin ƙwari na kanti, ba ta zaɓe. Tana kashe babba da ƙarami. Bisashe su sha ruwan, mutane su ci kifin.

Mu masu noman albasa muna da namu laifi a nan. Mutum ya gama feshi a garka, sai ya je bakin tabki ya wanke famfon feshi, ya jefar da kwalbar magani. Wannan ma zuba guba ce. A ɗebi ruwa a bokiti, a wanke nesa da tabki da rijiya. Kwalbar a huda ta a binne.

Ba kowace mutuwar kifi ce guba ba. Da bazara, in ruwa ya ragu ya yi zafi, iskar da ke cikinsa tana ƙaranci, musamman da asuba. Za ka ga karfasa sun taso sama suna buɗe baki. Alama ce tabki ya yi musu kaɗan. A yi maza a kama manya kafin su mutu a banza. Amma kifin da aka tarar matacce, ba a san abin da ya kashe shi ba, kada a ci, kada a sayar.

RUWA YANA CIN MUTUM

Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a shekara ta 2021, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Mu mutanen tudu yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ba abin kunya ba ne a faɗi haka.

Tabkin gari yana da tarko. Ramukan da aka haƙa da rani don tubali, da rijiyoyin garka, duk ruwa na rufe su da damina. Mutum na tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya ɓace. Saboda haka a shiga da doguwar sanda, ana dogarawa ana jin ƙasa. Laka ma tana riƙe ƙafa. Kada mutum ya tafi su shi kaɗai, ko da ya iya ruwa. Kada mai farfaɗiya ya shiga. Kada a ɗaure igiyar birgi a wuyan hannu da ƙullin da ba ya kwancewa, don in ragar ta sarƙe da kututture za ta ja mai ita. Babbar riga da takalmin roba mai tsawo suna cika da ruwa su yi nauyi.

Masunta na riƙe babban gora su yi iyo a kansa. Wanda ba shi da gora, jarka mai lita 20 ta isa, in babu komi a ciki kuma an ɗaure murfinta tam. A sa ɗaya a kowane jirgi, da igiya a hannunta. Kada a cika wa jirgi kaya, kada a miƙe tsaye a ciki.

In hadari ya taso, a fito tun ba a ji tsawa kusa ba. Mutum a tsakiyar ruwa shi ne abu mafi tsawo a wurin, aradu kuwa abu mai tsawo take nema. Kada a fake gindin itace guda a fili. A jira rabin awa bayan tsawa ta ƙarshe. Ƙorama kuma a ji tsoronta. Ana iya yin ruwa can kan duwatsun Buza ko Keita, nan ko ɗigo babu, sai ga ruwa ya taho da itace da duwatsu. Ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana kayar da ƙato.

In ka ga ruwa zai ci wani, kada ka faɗa in ba ka ƙware ba. Wanda ke nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya samu, sai a rasa mutum biyu. Ka yi kururuwa. Ka miƙa masa sanda, ko rawani, ko ka jefa jarka mai igiya. In an fito da shi yana numfashi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi. In ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko ɗaga ƙafafunsa sama don ruwa ya fita. Iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki sau 5. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi likita a ranar, don ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo daga baya.

TSARGIYA

Wannan ciwo ba ya kashewa rana ɗaya, shi ya sa ake raina shi. Wasu ma suna cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce.

Ga yadda take yawo. Mai tsargiya ya yi fitsari a cikin tabki. Ƙwayayen tsutsa su fita tare da fitsarin, su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata ƴar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Bayan kamar wata ɗaya, dubban ƴan tsutsotsi su fito daga katantanwar. Ido ba ya ganinsu. Su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, taɓawa ta isa. Sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka. Bayan wata biyu ko uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Ga mata tana kawo ciwon mara da gyambo a al'aura, har ta hana haihuwa.

Maganinta ƙwaya ce mai suna farazikantel. Tun 2004 ake rabon ta a makarantu da garuruwan Nijar. Ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi adadin da ya dace. A ci abinci kafin a sha. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana wata shiga. Masunci kullum cikin ruwa yake, saboda haka duk lokacin rabo ya je ya karɓa. Ruwan wanka in daga tabki aka ɗebo, a ajiye shi kwana biyu, tsutsotsin za su mutu. Babban abu dai, kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a tabki ko bakinsa.

Kada a ce ba za a iya ba. Dattawa sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi da tsakar damina. Da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tabki aka kore shi. A shekara ta 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar babu shi a Nijar.

ƘAYA, ƘUGIYA DA MACIJI

Tarwaɗa na da ƙaya a gefe biyu na wuyanta, ƙurungu ma haka, tasa ta fi zafi. A kama su ta bayan ƙayar. In ta soke ka, ka wanke da sabulu, ka tsoma wurin cikin ruwan zafi wanda hannu zai iya jurewa, zogin zai ragu. Ƙugiya in ta nutse cikin nama har kunnenta ya shige, kada a fizge. A yanke zaren, a tafi likita. A tambayi allurar tetanos.

Bakin ruwa wurin kwaɗi ne, inda kwaɗi suke kuwa akwai maciji. Mai zuwa duba mamari da asuba ya riƙe tocila. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tam. A cire zobe da munduwa, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa likita da gaggawa.

BAYAN AN FITO DA KIFI

Zafinmu ba ya barin ɗanyen kifi ya wuni. A fede shi tun a bakin ruwa, a cire hanji, a wanke da ruwan rijiya, a sa a inuwa cikin jiƙaƙƙen buhu. Wanda ba za a sayar a ranar ba, a yi banda. Wuta kaɗan, hayaƙi da yawa, ana juyawa har ya bushe ƙarau. Bandar da ba ta bushe ba ita ke yin tsutsa. Wasu ƴan kasuwa suna yayyafa wa banda maganin ƙwari don ta daɗe. In ka ji warin magani a jikinta, ko ka ga ko ƙuda ba ya sauka a kai, kada ka saya.

Magatakardan ƙungiya ya samu littafi da sikeli. Kowace ranar kamu ya rubuta kwanan wata, da irin kifi, da kilo nawa, da kuɗin da aka sayar. A ware wani kaso a ajiye, don sayen ƴaƴan kifi na baɗi da gyaran raga. Ranar da ma'aikacin gandun daji ya zo, littafin nan za a buɗe masa.